Kalmar friendly sifa ce ko bayanau? Malaminmu ya soke min jimla

Ɗaliba_Mai_Nema
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin Turanci ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. An ba mu aikin rubutu, na rubuta "The man greeted me friendly." Malam ya ja jan biro a ƙarƙashin friendly, ya rubuta a gefe cewa sifa ce, ba bayanau ba. To ni tun ina ƙaramin aji abin da aka koya mana shi ne duk kalmar da ta ƙare da -ly bayanau ce, kamar quickly da slowly. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan ƙa'ida, yau kuma an ce min ba haka ba ne. Ta yaya mutum zai kalli kalmar Turanci ya gane ajinta? Kuma idan aka ba ka suna aka ce ka kawo sifarsa, akwai hanya ne ko sai hadda? Jarrabawa na tafe, ga shi kaina ya kulle.

Abu_Hanif
Wa alaikumus salam. Malaminku ya yi daidai, ƙanwata. Ana cewa "a friendly man", kin ga mutumin take sifantawa. In kina so ki faɗi yadda ya yi gaisuwar, sai ki ce "He greeted me in a friendly way" ko ki taƙaita ki ce "He greeted me warmly."

Tsohon_Malami
'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma kowace shekara sai na tarar da rabin aji sun zo da wannan ƙa'idar a kansu. Ba ƙarya aka faɗa muku ba, rabin zance aka ba ku. Ga sauran.

Kada ki tsaya a kan -ly ɗin, ki duba wace kalma aka liƙa mata shi. In an liƙa shi a bayan sifa, bayanau ake samu: quick ta zama quickly, bad ta zama badly, careful ta zama carefully. In kuwa a bayan suna aka liƙa shi, sifa ake samu: friend ta ba da friendly, love ta ba da lovely, cost ta ba da costly, haka motherly da cowardly da orderly. Ki cire ɗafa-ƙeyar, ki tambayi kanki mene ne ya rage a hannunki. Friend suna ne, to abin da ya fito daga gare shi sifa ce.

Dalilin ruɗanin kuwa tarihi ne. A tsohon Turanci ɗafa-ƙeya biyu ne. Akwai -lic da ke yin sifa, akwai -lice da ke yin bayanau. Da tafiya ta yi tafiya ƙarshensu ya goge a bakin mutane, suka haɗu suka zama -ly guda ɗaya. Asalin kalmar ma tana nufin jiki ko siffar jiki, dangin like ce ta yau. Wato friendly tana nufin mai kama da aboki. Har gobe Jamusawa suna cewa freundlich.

Bintu_B
Allah ya ƙara basira Baba. Wallahi yau na fara jin wannan bayanin.

Mai_Bin_Diddigi
Malam, da girmamawa, ina da gyara. Dead sifa ce, amma deadly ma sifa ce a "a deadly disease". Haka sick da sickly, haka lone da lonely, haka elder da elderly. Duk a bayan sifa aka liƙa -ly, kuma ba su koma bayanau ba. Kada a cire yarinya daga wata ƙa'idar da ke da rami a jefa ta wata.

Tsohon_Malami
Ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Waɗannan 'yan tsiraru ne da ya kamata in ambata. Abin da na faɗa yana ɗauke ki mafi yawan hanya, sauran sai a riƙe su ɗaya-ɗaya.

Mai_Fassara
Ni a tambaya ta biyu zan tsoma baki, wato yadda ake samun sifa daga suna. Aikina ke nan kullum, kuma abin da ya fi sauƙaƙa min shi ne in fara daga Hausa.

Mu sifofinmu na asali ba su da yawa: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja da 'yan kaɗan. Sauran da mai da marar muke yin su. Mai kyau, marar kyau. Mai amfani, marar amfani. To Bature ma yana da irin wannan, sai dai shi a ƙeya yake sa nasa. -ful ita ce mai, -less ita ce marar. Useful mai amfani, useless marar amfani. Careful mai kula, careless marar kula. Hopeful, hopeless. Powerful, powerless. Ranar da na fara kallonsu haka, kalmomi da dama suka buɗe min a lokaci guda.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Ba kowace kalma ce ke da duka biyun ba. Akwai beautiful, amma kishiyarta ugly ce, ba a liƙa wa beauty -less. Akwai homeless, amma ba za ki ji ana amfani da kishiyarta mai -ful ba. Na biyu, priceless ba ta nufin abu marar daraja, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Marar daraja shi ne worthless. Sannan a rubutu l ɗaya ce a -ful, sai an mayar da ita bayanau take zama biyu: beautiful, beautifully.

Bayan waɗannan akwai -ous a dangerous da famous, -y a rainy da dirty, -al a national, -ish a childish, -able a comfortable, -ive a active, -ic a heroic. Wace kalma ce ke ɗaukar wanne? A nan kam babu gajeriyar hanya, sai yawan karatu.

Umman_Yara
Bari in ba ku abin da ya faru a gidana. Yarona ɗan shekara 11 ya dawo ransa a ɓace, ya ajiye jaka bai ce da kowa komai ba. Da dare na buɗe littafinsa, sai na ga ya rubuta "I am boring when the lesson is long", an zagaye boring da ja. Ashe an sa shi ya karanta a gaban aji, waɗanda suka gane suka yi masa dariya. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don yaro ne mai ƙoƙari, kuma bai san ma me ya yi ba daidai ba.

Na zaunar da shi, na ɗauki fensirinsa na rubuta kalmomi biyu na Hausa a bayan littafin: gajiyayye, mai gajiyarwa. Na ce wanne ne kai in darasi ya yi tsawo? Ya ce gajiyayye. Na ce darasin fa? Ya ce shi ne mai gajiyarwa. Na ce to shi ke nan, mai -ed shi ne wanda abin ya faɗa wa, mai -ing shi ne wanda ya jawo abin. Tired da tiring, bored da boring, interested da interesting, confused da confusing. Ya yi shiru yana kallon takardar, can sai ya ce, "Umma, ashe cewa na yi ni ne nake gundurar mutane." Ya karɓi fensirin ya gyara da hannunsa. Tun daga ranar bai sake haɗa su ba.

Bintu_B
Allah ya raya shi Hajiya. Wannan dabarar ta gajiyayye zan ɗauka in koya wa ƙannena.

Injiniya_Sabo
Ni fa ina ganin ana wahalar da yara ne kawai. Turawan da suka gaji yaren, da yawansu ba za su iya gaya maka wacce ce sifa wacce ce bayanau ba, kuma suna magana lafiya lau. In dai an gane abin da kake nufi ai magana ta ƙare. Lokacin da ake ɓatawa wajen haddace sunayen azuzuwan kalmomi, da sauraro da magana aka yi da shi da ya fi.

Hajiya_Sakatariya
Injiniya, in dai an gane ɗin. Matsalar ita ce wani lokaci akasin abin da kake nufi ake ganewa. A wani wurin da na taɓa aiki an kawo min takardar shaida in buga wa wani ma'aikaci da zai nemi aiki a wani waje. Shugabansa yana son yaba masa, sai ya rubuta "He works hardly." A tunaninsa hard sifa ce, don haka bayanau ɗinta hardly. Na bar injin na koma ofishinsa da takardar a hannu, na ce ranka ya daɗe, duk wanda ya karanta wannan zai fahimci cewa mutumin nan da ƙyar yake taɓa aiki. Hard ita ce sifar, ita ce kuma bayanau: "hard work", "he works hard". Hardly kalma ce daban mai nufin da ƙyar. Ya yi godiya ya gyara. Da takardar nan ta fita haka, da an cuci bawan Allah da niyyar taimakonsa.

Haka late da lately suke, ta farko a makare, ta biyu kwanan nan. Near kusa, nearly saura ƙiris. Fast kuwa ba ta ɗaukar -ly ko kaɗan: "a fast car", "he drives fast".

Injiniya_Sabo
Wannan kam na yarda Hajiya, babbar ɓarna ce. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ta hanyar ji ake koyon irin wannan, ba ta haddace jadawali ba.

Ɗan_Nahawu
Ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe, amma bari in mayar da mu kan ainihin tambayar Ɗaliba, don ta ce ta yaya za ta kalli kalma ta gane ajinta. Amsar da zan ba ta ita ce, a Turanci sau da yawa ba za ki gane ba sai kin ga kalmar a cikin jimla.

Ɗauki round. "A round table", sifa ce. "The first round", suna ne. "The car rounded the corner", aikatau. "She turned round", bayanau. "They sat round the fire", nan kuma ta shiga sahun su in da on da at. Kalma ɗaya, aiki biyar. Haka light, haka clean, haka book da water da ke zama suna su zama aikatau ba tare da an ƙara musu ko harafi ɗaya ba.

Mu abin yana ba mu wahala ne saboda Hausa tana sa wa kalmominta alama. Farin doki, farar mota, fararen motoci. Sifar tana bin jinsi, tana bin jam'i, kana ganinta ka san ita ce. Turanci ma da can haka yake, sifofinsa suna sauya ƙarshe gwargwadon jinsi da adadi, amma duk ya zubar da su. Yau white ɗaya ce ko doki ko mota ko motoci. Tun da alamar jiki ta tafi, sai gurbin kalma a jimla ya zama shi ne shaida.

Shi kansa rabon azuzuwan ba saukakke ba ne, masana ne suka tsara shi. Wanda ya yi nahawun Larabci ya san kashi uku aka yi: ismu, fi'ili, harafi, kuma sifa tana ƙarƙashin ismu. Takwas ɗin da ake koyarwa a Turanci daga Girkawa aka gado lissafin, ta hanyar Latin. Littafin da ake jingina wa masanin nahawun Girkanci Dionysius Thrax, wanda ya rayu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo takwas, kuma a can ma sifa ba ta da ajin kanta, a cikin suna aka sa ta. Daga baya ne aka ware ta.

Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne: sa kalmar tsakanin the da suna, sannan ki gwada sa very a gabanta, sannan ki gwada ta bayan seems. "The friendly man", "very friendly", "he seems friendly". Ta ci duka uku, sifa ce. Gwada quickly ki gani, "the quickly man" ba ta zauna ba.

Mai_Bin_Diddigi
Gwajin yana da kyau amma shi ma yana yoyo. Asleep da afraid da alive da alone sifofi ne, kuma ba a cewa "the asleep child", sai dai "the child is asleep". Main da mere kuma akasin haka, ana cewa "the main road" amma ba a cewa "the road is main".

Ɗan_Nahawu
Haka ne, shi ya sa na ba da uku ba ɗaya ba. Su asleep da alive asalinsu kalmomi biyu ne da suka manne, a- ɗin nan tsohuwar on ce, kamar a ce cikin barci, cikin rai. Shi ya sa har yau suka ƙi zama a gaban suna.

Sadauki_77
Tambaya. A "stone wall" ko "school bus", stone da school sifofi ne? Mu an koya mana duk abin da ya yi bayanin suna sifa ne.

Abu_Hanif
Sifofi ne mana, tunda bangon suke bayyanawa.

Ɗan_Nahawu
Ban yarda ba, Malam Abu. Sunaye ne da suka tsaya a gurbin sifa. Gwada "very school" ko "the bus seems school". Ba ta yiwuwa. Mu ma muna cewa bangon dutse, motar makaranta, kuma babu mai cewa dutse ya zama sifa. Sifar stone ita ce stony.

Abu_Hanif
Amma kai da bakinka ka ce aikin kalma a jimla shi ne shaida. In tana aikin sifa me zai hana a kira ta sifa? Na ga littattafan makaranta da suka kira su haka.

Tsohon_Malami
Wannan saɓanin ya girme ku, marubuta nahawu ma sun rabu a kai. Masu tsohon tsari sukan ce suna ne da aka yi amfani da shi a matsayin sifa, na zamani sukan ce suna ne kawai mai fayyace wani sunan. 'Yata mai jarrabawa, ki bi abin da littafin ajinku ya ce.

Yar_Aji_Shida
Ni inda nake faɗuwa kullum shi ne kwatance. Sau biyu ana soke min "more better" da "more taller".

Mai_Fassara
Ƙanwata, Hausa ce ke magana a cikin Turancinki, kuma ba abin kunya ba ne. Mu da aikatau muke kwatance: ya fi shi tsawo, ta fi kowa ƙoƙari. Kullum akwai fi a jimlar, sai kunnenki ya riƙa neman wata kalma da za ta tsaya a madadinta, ki ɗauko more. Alhali -er ɗin da ke taller ta riga ta yi aikin fi. Ɗaya ake ɗauka, ba biyu ba.

Sifa mai gaɓa ɗaya tana ɗaukar -er da -est: tall, taller, tallest. Big tana ninka baƙin ƙarshe, bigger. Mai gaɓa uku ko fiye sai more da most: more beautiful, most expensive. Masu gaɓa biyu ne ke da rikici. In ta ƙare da -y, kamar happy da easy, sai happier da easier. Irin su clever da simple da narrow da quiet suna karɓar kowanne. Masu -ful da -ed da -ing kuwa more suke bi, ko da gajeru ne: more careful, more tired.

Sai 'yan tawaye da ba su bin kowa: good, better, best. Bad, worse, worst. Little, less, least. Far tana da farther da further. Waɗannan kam hadda ce.

Hajiya_Sakatariya
A ƙara da senior da junior da superior da inferior. Daga Latin suka zo da kwatancensu a jiki, don haka ba a sa musu than, to ake sawa: "She is senior to me." Ina yawan gyara wannan a wasiƙu.

Sadauki_77
To ni abin da ya ɗaure min kai, an taɓa tambayarmu sifar sun, na rubuta sunny, aka ce solar ake so. Wanne ne daidai?

Ɗan_Nahawu
Duka biyun daidai ne, ma'anarsu ce ta bambanta, kuma wanda ya yi tambayar ya kamata ya ba da jimla. Sunny ranar da rana ta fito sosai, solar abin da ya shafi rana, kamar wutar sola da kowa ya sani.

Wannan ma tarihi ne. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, Latin kuma yana riƙe da coci da ilimi. Talakawa suka ci gaba da kiran abubuwa da sunayensu na gado, masu ilimi kuma suka riƙa ɗauko sifofi daga Latin. Shi ya sa za ka ga suna da sifarsa ba su ko yi kama ba: moon da lunar, tooth da dental, mouth da oral, dog da canine, cat da feline. Wani lokaci a sami biyu ko uku. Father tana da fatherly, mai halin uba, da paternal, na ɓangaren uba. King tana da kingly ta gado, royal ta Faransanci, regal ta Latin. Beautiful kanta haɗin gambiza ce, beauty daga Faransanci, -ful ta gida.

Daga can ne ma aka gaji 'yan kalmomin da sifa ke bin bayan suna, kamar attorney general da court martial. In za a yi jam'i sunan ake yi wa, attorneys general.

Injiniya_Sabo
To kun ga abin da nake faɗa. Wace ƙa'ida ce za ta kai ka daga tooth zuwa dental? Sai wanda ya ji ya riƙe.

Umman_Yara
Gaskiya ne Injiniya, amma yarona ya sha jin bored da boring a bakin mutane, bai raba su ba sai da aka zauna aka nuna masa. Kowanne da wurinsa.

Malam_Na_Ƙarshen_Layi
Ba a taɓo lafazi ba. Kamar yadda fari na launi da fari na rashin ruwan sama suke rubutu ɗaya sai karin sauti ya raba su, haka Turanci ke yi da nauyin murya. Record in suna ce a gaɓar farko ake dannawa, in aikatau ce a ta biyu. Haka present da object da increase. Perfect ma haka, sifa a farko, aikatau a ƙarshe. Close in sifa ce da sautin s take ƙarewa, in aikatau ce da z. Advice da advise kuwa har a rubutu an raba su, ta farko suna, ta biyu aikatau.

Ɗaliba_Mai_Nema
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kwafe bayanin Baba Tsohon_Malami da gwaji ukun nan a bayan littafina. Na kuma buɗe ƙamus ɗin wayata, sai yanzu na lura ashe kowace kalma akwai ɗan taƙaitaccen rubutu a gefenta, adj. (sifa) ko adv. (bayanau) ko n. (suna) ko v. (aikatau), ban taɓa kula da shi ba. Na gyara jimlar zuwa "in a friendly way" zan kai wa Malam gobe.

Amma ga wata ta sake tsayar da ni. Na duba daily da early da kindly, kowacce an rubuta mata adj. an kuma rubuta adv. Kindly kuma daga kind take, wadda sifa ce, to me ya kai ta zama sifa kuma?

Tsohon_Malami
Ƙamus ɗinki bai yi kuskure ba, 'yata. "A daily paper" sifa, "it comes daily" bayanau. "An early train" sifa, "she came early" bayanau. Weekly da monthly ma haka. Kindly kuwa tun a tsohon Turanci biyu ce, ɗaya mai -lic ɗaya mai -lice, irin waɗanda na ce miki sun haɗe. "A kindly old man" dattijo mai kirki ke nan, "he spoke kindly" ya yi magana cikin kirki. Ki rubuta jimla biyu-biyu da kowacce, ki turo nan in duba miki kafin ki kai.

Abu_Hanif
Ni dai har yanzu ban gamsu da maganar stone wall ba. Malam Ɗan_Nahawu, to gold a "a gold ring" fa? Ga golden kuma a gefe, kuma ƙamus ɗina ya rubuta wa gold ɗin adj.